Ina zan kai rubutuna kan kotun yara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibar shari'a ce ni daga Gadarif, a ƙasar Sudan. Wata takwas na yi ina zama a kotun yara ina rubuta abin da na gani. Wata mujalla ta intanet ta ce in turo daloli, za ta buga cikin mako ɗaya. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki biya. Mako ɗayan nan ne ya tona asirinsu. Mujallar kirki sai ta miƙa rubutu ga masana su tsefe shi, a yi watanni, su dawo miki da gyara. Ni ma na taɓa faɗawa hannun irin waɗannan, har yau ban ga wanda ya karanta abin da suka buga mini ba.

Idan Ingilishinki ya nuna, gwada mujallar Youth Justice ta kamfanin SAGE, wadda ke fitowa tun 2001, ko International Journal of Children's Rights. Idan da Larabci kika rubuta, fara da mujallar tsangayar shari'a ta jami'arki.

Amma zaman nan naki na wata takwas shi ya fi tsaya mini a rai. Kowa zai iya kwafo cewa Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, kuma ba a tuhumar wanda bai kai 12 ba. Kowa ya san dokar laifuka ta 1991 ta daɗe tana ɗaukar ɗan shekara 15 mai alamun balaga a matsayin babba, har gyaran 2020. Abin da masanan waje ba su gani ba, ke kin gani: yaron da ba shi da takardar haihuwa, sai an kai shi wurin likita a yi masa tasnin, a ƙiyasta shekarunsa. Kuskuren shekara ɗaya kan iya fitar da shi daga kotun yara. 'Ya'yanmu da aka haifa a ƙauyukan noma suna cikin masu shiga wannan hali. Ki gina rubutunki a kan wannan, ki faɗi shari'a nawa kika halarta, nawa aka yi tasnin.

Sunan yaro kuwa, da unguwarsu, da sana'ar mahaifinsa, duk ki cire. Ƙa'ida ta 8 cikin Ƙa'idojin Beijing na 1985, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan shari'ar yara, ta hana buga abin da zai sa a gane shi, kuma a Gadarif kowa ya san kowa. Ki kuma nemi izinin kotu a rubuce kafin ki aika, domin editoci za su tambaye ki.