Rigar 'yar ruwa ta yi kyau, amma wa ya yanka mata farashi?

Tambaya: Hajiya, ni tela ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Na ɗinka wa ɗiyata rigar 'yar ruwa, mai wutsiyar kifi da ƙyalli, don bikin ranar haihuwarta. Da na sa hoton a WhatsApp, facalata ta kawo mini aikin guda 6 na yaran ƙawayenta, ta ce jaka 12 (CFA dubu 12) kowace. Biyu kaɗai aka biya. Ina son in ci bashin jaka 300 in saro yadi a Kano, in mai da wannan ɗinkin sana'ata. Me kika gani?

Amsa: Ƙanwata, ajiye maganar Kano tukuna. Kalma biyu na riƙe a wasiƙarki: "ta ce". Ke ce a kan keke, amma facalarki ce ta yanka farashi, ita ta san masu kayan, ita ke karɓar kuɗi. To ke mece ce a cikin wannan ciniki?

Mu yi lissafin da ba ki yi ba. A ƙiyasina, yadi 3 mai sheƙi a kasuwar Dole zai ci kamar jaka 6. Duwatsun da za ki jera su fito kamar ɓawon kifi, jaka 3. Shafi, zif, roba, zare da soson da zai tsayar da wutsiyar, a ce jaka 2. Jaka 11 ke nan. Riga 6 sun cinye miki jaka 66, abin da ya shigo hannunki 24. Ko da duka sun biya, ribarki jaka 6, a aikin da kowace riga ke cin kwana uku ana liƙa dutse ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. Mai tuyar ƙosai a bakin titi ta fi ki.

Na san wata tela a Zango da 'yar yayarta ke kawo mata ankon biki. Shekara biyu tana ɗinki, yarinyar na cewa "ba su ba da ba tukuna". Ashe sun biya tun ranar karɓar kaya. Da magana ta fito, dangi suka taru suka ce a bar ta don zumunci. Keken ta sayar ta biya mai yadi.

Ban ce facalarki haka take ba. Amma ba ki da hanyar sani, kuma kunyar dangin miji ba za ta bar ki ki tambaya ba. Ki karɓi lambobin matan nan huɗu, ki kira su da bakinki. Daga yau duk mai son riga ta zo gidanki, ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ki rubuta a littafi a gabanta, sannan almakashi ya taɓa yadi. Kada ki yi ƙasa da jaka 20. In facala na son lada, ki ware mata jaka ɗaya bayan kuɗi sun cika.

Bashin kuwa, a'a. Yara nawa ne a garin nan ake yi wa irin wannan biki? Wasu iyayen ma da sun ji "'yar ruwa" aljanu ne ke faɗo musu a rai. Amma hannun da ya fitar da wutsiyar nan zai fitar da siket ɗin amare mai buɗewa daga gwiwa, wanda ake nema kowane mako. Ki gwada guda biyu da ragowar yadin da ke gare ki, ki rubuto mini nawa suka ci.