Amsa kan Vandal da Phantom, wacce za ka riƙe

Ɗan uwa ka tambaya me ya sa a Valorant, gem ɗin harbe-harbe, kowa ke yabon bindigar Vandal alhali bindigar Phantom ta fi ta saurin harbi. To ai da gangan masu gem ɗin suka yi haka, kuɗinsu ɗaya ne, 2900 na kuɗin cikin gem, amma kowacce an ba ta abu an hana ta wani.

Phantom tana fitar da harsashi 11 a sakan ɗaya, Vandal 9.75, magazin ɗin Phantom 30 na Vandal 25. Amma Vandal in ta samu kai maki 160 na rai take cirewa komai nisa, shi kuma abokin karawa ko ya sayi babban sulke, ransa da sulken duka 150 ne kawai, ka ga harsashi ɗaya ya gama da shi. Phantom kuwa da nisa ya ƙaru sai ta sauko 140, mutum ya tsira da 10 ya juyo ya kashe ka, wallahi wannan abin yana min ciwo har yanzu, ya sha faruwa da ni a dogon layin C na filin wasan Haven.

Ni dai shawarata, in hannunka bai zauna ba tukuna ko netwok ɗinka yana yawan tsalle, ɗauki Phantom, ta fi sauƙin riƙewa in ka danne, kuma ba a ganin layin harsashinta in kana harbi ta cikin hayaƙi. In ka koma Vandal ka tsaya cak kafin ka harba, biyu ko uku ka saki, kar ka danne daga nesa.