Gara ta hana ni dashen turare, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na dasa bishiyar turare a gonata bara da damina don in samu itacen rufi, wallahi kafin rani ya ƙare gara ta cinye kusan rabi. In zuba fetur a surin ne? Daga wani manomi a Kazaure.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kai ɗan'uwa kar ka soma, fetur ƙasar zai lalata maka, uwar garar kuma tana can ƙasa sosai ba ruwanta. Turare baƙuwar bishiya ce daga Ostireliya, gara na son saiwarta tun tana ƙarama musamman in ƙishi ya kama ta da rani, shi ya sa za ka ga shukar a tsaye amma ka ja ta sai ta fito ba jijiya. Ka tone tsofaffin kututture, ka barbaɗa toka a gindi, ka dinga ban ruwa har ta yi ƙarfi, kuma ka gauraya da darbejiya don gara ba ta cika damunta ba.

Amma fa gara ba ɓarna kaɗai take ba. Zago, wato babbar garar nan, noma yake a cikin suri, yana tara ciyawa yana renon wani irin naman kaza da ke narkar masa da ita. Manoman Nijar da Burkina ma har taki suke zubawa a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka da suke haƙawa a gona, don gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya shiga.