Tambaya da Amsa: Sunan ango da amarya ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a bidiyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni montaj nake yi, wato haɗa bidiyo, nan Garwa, bidiyon biki da suna da walima. Akwai bikin da na ɗauka, ayarin motocin kai amarya suna haye gadar Binuwai da yamma, sai na ce bari in sa sunan ango da amarya da manyan haruffan 3D su tsaya kan kwalta kamar dama can an gina su a wurin. Na sa After Effects ya yi tirakin ɗin kamara, wato ya bi motsin kamarar, wani lokaci ya ce ya kasa, wani lokaci ya gama amma sunan sai ya dinga zamewa yana rawa. Da wayar abokina na ɗauka, ina tsaye wuri ɗaya ina juyawa ina bin motocin, na ɗan yi zum a tsakiya, daga baya ya turo min ta WhatsApp. Kwamfutata ce ba ta da ƙarfi ko manhajar ce? Masu biki sun matsa min wallahi.
Mai karatu daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kwamfutarka ba ta da laifi, manhajar ma haka, tun a kan gadar aikin ya lalace, kuma kar ka ji komi don kusan duk wanda ya shiga harkar nan sai da ya taka wannan ƙayar.

Bari ka ji abin da manhajar take yi in ka danna mata. Ba ta san mota ba, ba ta san gada ba, ɗigo-ɗigo kawai take nema a hoto, wuraren da haske da duhu suka haɗu kamar kusurwar tagar gida ko tsagewar kwalta, sai ta bi kowane ɗigo daga firem zuwa firem, wato hotunan da ke jere su zama bidiyo, daga nan ta yi lissafin inda kamara take da yadda ta motsa. Lissafin nan kuwa abu ɗaya yake ci. Ka tuna in kana cikin mota daga Garwa za ka Marwa, darbejiyar bakin hanya wuf take wucewa, amma dutsen da ke can nesa kamar tare kuke tafiya. Wannan bambancin gudun na kusa da na nesa shi ne yake gaya wa manhaja zurfin wuri. Kai kuma ka kafe wuri ɗaya kana juyawa kawai, toh na kusa da na nesa duk tare suke tafiya a hotonka, ba zurfin da za ta auna. Ko ka kai bidiyon nan wurin masu Nuke da PFTrack da 3DEqualizer, manhajojin da manyan kamfanonin fim ke aiki da su, abin da babu shi a hoto ba za su ƙirƙiro shi ba.

Sai zum ɗin da ka yi. Manhaja tana ɗauka ruwan tabarau ɗinka bai canza ba daga farko har ƙarshe, da ka jawo hoto sai ta rikice, shin matsowa ka yi ko zum ne. A After Effects akwai inda ake gaya mata cewa zum yana canzawa, yana taimakawa, amma wayoyin yanzu masu kamara biyu uku a baya in ka yi zum sukan yi tsalle daga wannan ido zuwa wancan, nan kam sai dai ka yanke bidiyon gida biyu.

Ga kuma motocin. Tirakin na kamara abin da yake tsaye yake so, kai kuwa rabin hotonka motoci ne da 'yan moto da 'yan rakiya suna ɗaga hannu, ƙasa kuma ruwan kogi yana ƙyalli yana tafiya, duk ɗigon da ya maƙale a jikin waɗannan ƙarya yake faɗa wa lissafi. In lokacin hunturu ne ga hazo ya shafe komi ya yi fari-fari, yamma ta yi haske ya ragu, waya sai ta rage gudun shata, wato ta ƙara lokacin da take barin haske ya shiga kowane hoto, kowane firem ya yi dishi-dishi. Sannan WhatsApp ya zo ya matse bidiyon ya cinye ɗan abin da ya rage. Wannan na WhatsApp ɗin yana min ciwo ƙwarai, don mutum ya sha rana ya ɗauki abu mai kyau sannan a banza ya zubar da rabinsa wurin turawa. Ka nemi abokin nan yau ɗin nan, ka kwafo asalin fayil da kebul ko ya turo maka shi a matsayin dokiman.

Yanzu ga abin da za ka gwada. Wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin firem ɗaya a sakan, yana hawa yana sauka, don haka ka fara wuce da fayil ɗin ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ka kafe shi a 25 ko 30 gwargwadon yadda aka ɗauka. Ka yanko sakan huɗu ko biyar kawai, inda ba zum. Ka zana mask, wato zagayen da ke ɓoye wani yanki na hoto, ka rufe motoci da ruwa da sararin sama, ka bar mata ƙarfen gefen gada da turakun fitila da kwalta. Sannan a wurin zaɓin yadda za ta warware lissafi ka zaɓi Tripod Pan, wato ka gaya mata gaskiya cewa juyawa kawai ka yi. Ba za ka samu ƙasa ta sosai da za ka dasa haruffa su yi inuwa daidai ba, amma sunan zai manne ya bi juyawar, in ka rataye shi a sama can bayan motoci zai yi kyau, masu biki za su ji daɗi in sha Allah.

Biki na gaba kuma ka taka, ka yi tafiya gefe a hankali ko taku uku ne, ka kashe abin hana girgiza na waya don yana lanƙwasa hoto ba tare da ka gani ba, kar ka fizgi waya da sauri don na'urar hotonta layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa turaku suke karkacewa in an yi sauri. In wayar ko kamarar tana bari ka sa shata 1/100, zai rage dishi-dishin kuma ya dace da wutarmu mai 50 Hz in akwai ƙwan lantarki a wurin. Ni akwai ranar da na ɗauki wani aiki a fili mai yashi fetal ba ko tsinke, na kwana biyu ina fama ba ɗigo ɗaya da ya kama, tun daga ranar ba na fita sai da marafan kwalba cike da aljihu da salatif baƙi. In watsa marafan a ƙasa, wasu kusa wasu nesa, in manna salatif a bango kamar alamar tarawa, in auna tsakanin biyu daga ciki da tef ɗin tela in rubuta, don in san girman abin da zan dasa. Goge su a bidiyon daga baya ya fi wancan faman sauƙi nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kusuri, ƙanwata ke min bidiyon talla. So nake sunan shagona ya fito a jikin bangon da ke bayana kamar fenti aka yi, ita kuma ta ce sai ta koyi 3D tukuna. Haka ne?
Mai karatu daga Kusuri

AMSA: Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ba ya buƙatar tirakin na kamara sam. Bango shimfiɗaɗɗen abu ne, akwai irin tirakin da ke bin fuskar abu gaba ɗaya maimakon ɗigo-ɗigo, Mocha AE ke yin sa kuma yana nan cikin After Effects. Ta zagaye wani yanki na bangon, ya bi shi, ta ɗora sunan a kai. Abu biyu kawai, kar bangon ya zama sumul ba ko tabo, kuma in hayaƙin kasko ko hannunki zai gitta ta gaban rubutun sai ta yi mask, in ba haka ba rubutun zai hau kanki.

TAMBAYA: Malam ba ni da kuɗin biyan manhaja duk wata, laftof ɗina kuma tsohuwa ce. Da me zan koyi wannan aikin?
Ɗalibi daga Ngaundere

AMSA: Blender, ɗana. Kyauta ce halal ɗinka, ba sai ka je neman ta sata mai ƙwayar cuta ba, kuma tirakin yana cikinta tun 2011. Sababbin fitowarta suna son RAM 8 GB a ƙalla, in taka ba ta kai ba tsofaffin suna nan a shafinsu ka sauke. DaVinci Resolve ma akwai ta kyauta, sai dai tirakin na kamara a Studio yake, ta kuɗi. A Blender kai za ka dasa ɗigon da hannunka, tana buƙatar 8 a ƙalla da suke bayyane a firem biyun da za ta fara lissafi da su, ni dai nakan sa 15 zuwa 20 in warwatsa su. In ta gama za ta nuna maka lambar kuskure, in ta haura fiksel 1 ni ba na yarda, sai in nemo ɗigon da ya zame in goge in sake. Daga nan ka zaɓi ɗigo 3 na ƙasa ka ce mata nan ne daɓe. Ka fara da tsakar gidanku da safe, sakan biyar, ka dasa akwati ɗaya kusa da turmi, kuma ka dinga sebin bayan kowane mataki saboda wuta.