Laftof, na'urar GPS ko kuɗin kwas: ina ɗalibin taswira zai sa kuɗinsa?

Tambayoyin wannan makon duk sun zo ne daga ɗaliban jami'a masu koyon zana taswira da kwamfuta, abin da ake kira GIS, sai ɗaya daga wani mahaifi. Da ita zan fara.

Wani bawan Allah daga Gusau ya rubuto: "Malam, 'yata tana aji uku a sashen nazarin ƙasa, ta ce sai da laftof. An nuna min sabuwa fil a kwali, an kuma nuna min ta hannu da ta ɗan fi ta tsada. Wacce zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya sa ta yi albarka. Kada ƙyallin kwali ya ja ka. Yawancin sababbin nan masu araha Celeron ne, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, a cikinsu da RAM, wurin riƙe aikin da ake kan yi, gig 4, wasu ma an liƙe shi ta yadda ba a iya ƙarawa. Za su yi rubutu da kallon bidiyo, amma hoton tauraron ɗan'adam guda ɗaya kan kai kusan gig ɗaya, kuma da ta buɗe biyu ko uku a tare kwamfutar za ta tsaya cik. Na fi son ka nemi ta hannu daga cikin irin na ofisoshi, kamar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, mai ƙwaƙwalwar Core i5 zubi na takwas ko sama. Dalilin zubi na takwas shi ne daga nan Windows 11 ke karɓa, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. RAM kada ya gaza gig 8, in akwai hali a kai shi 16. Ma'ajiyar ta zama SSD, ko da gig 256 ce, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba.

Ranar saye ka tafi da ita kanta. Ta ɗauki QGIS, manhajar zana taswira, a filashi, ta sa a nan shagon, ta buɗe taswira ta ja ta hagu da dama. A cire caja a bar bidiyo yana tafiya, ku ga yadda batir ke sauka, don kun san halin wuta a ɗakunan kwanan ɗalibai. A danna kowane maɓalli, a gwada kowace kafar USB, a tabbatar babu lambar sirri a BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfutar. Ka nemi rasit da alƙawarin kwanakin gwaji a rubuce. In ta nuna sha'awar MacBook, ka sani ArcGIS Pro, manhajar taswira ta kuɗi, ba ya aiki a kanta kai tsaye, Windows yake so. Sauran canjin a saya mata linzamin kwamfuta, domin ba a zana iyakar gona da kan yatsa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Abokaina duk sun sa ArcGIS na sata da ake turawa a filashi kan 'yan kuɗi. In biya a sa min, ko in tsaya kan QGIS?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka. In sashenku yana da lasisin ArcGIS, yi amfani da shi a ɗakin kwamfuta, sanin sa yana da amfani wajen neman aiki. Amma na sata kayan wani ne, sau da yawa kuma yana zuwa da ƙwayar cuta da za ta cinye maka furojet ana saura mako a kare shi. QGIS kyauta ce halak, tun 2002 ake gina ta, kuma babu abin da furojet ɗin digirin farko ke bukata da ba za ta yi ba. Sauke wadda aka rubuta wa LTR, ita ce mai ɗorewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai kan haddace inda ake dannawa ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashi ba. Ga misali. A tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya don auna wurare da mita, Nijeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku: Sakkwato tana ta 31, Kano da Zariya suna ta 32, Maiduguri tana ta 33. Wanda ya auna faɗin gonaki a Maiduguri da shiyyar Sakkwato, lissafinsa ya karkace tun daga tushe, ko da taswirar ta yi kyau a ido. Haka tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan an gina su ne kan ma'aunin Minna, wayarka kuwa da wani ma'auni daban, WGS84, take bayar da wuri. In ka ɗora su ba tare da juyawa ba, za ka ga rijiya ta yi tsalle gomman mitoci, ta koma cikin gidan maƙwabci. Wanda ya gane wannan a QGIS, mako biyu sun ishe shi ya saba da ArcGIS.

Hotunan tauraron ɗan'adam ma kada wani ya sayar maka. Na Landsat, mai mita 30, wato kowane ɗigo a hoton mita 30 ne a ƙasa, an sake su kyauta tun 2008, kuma tarihinsu ya faro daga 1972, ana samu a shafin EarthExplorer. Na Sentinel-2, mai mita 10, suna nan daga 2015 a shafin Copernicus. Wuraren zama da asibitoci na Nijeriya kuma duba shafin GRID3. In data ta yi maka tsada, Google Earth Engine yana barin ɗalibai su yi lissafin a can su sauke sakamako kawai.

Wata ɗaliba daga Katsina: "Zan ɗauki wuraren burtsatse a unguwanni huɗu. Sai na sayi na'urar GPS ta Garmin?"

A'a, ƙanwata. Waya mai kyau a fili, inda babu rufi ko inuwar bishiya, kuskurenta ba ya wuce kimanin mita biyar, kuma wannan ya wadatar ga burtsatse. Sa manhajar tattara bayanai, KoboCollect ko QField, suna aiki ko babu sabis. Ki tsaya daƙiƙa talatin a kowane wuri har lambar kuskure ta sauka kafin ki adana, ki ɗauki hoto, ki kuma rubuta a littafi. Kuɗin Garmin ki saka a fawa-bank da kuɗin mota, ki fara gaida mai unguwa da takardar sashenku a hannu. In aikin na iyakar fili ne da za a kai kotu ko ofishin filaye, wannan na safiyo mai rajista ne, ko Garmin ɗin ma bai isa ba.

Wani mai shirin bautar ƙasa ya tambaya: "Ana tallar kwas na mako biyu da satifiket. Ya cancanci a biya?"

Tambaye su abu ɗaya: me zan fito da shi a hannuna? In amsar takarda ce kawai, ka ja baya. In za ku fita fili ku tattara bayanai, ku tace, ku fitar da taswira mai ma'auni da alamar arewa da bayanin inda aka samo komai, kuma kowa da kwamfutarsa, to kuɗin bai tafi a banza ba. Nemi ganin aikin waɗanda suka riga ka gamawa. Ina faɗin haka ne don masu ɗaukar aiki a wannan fanni taswira suke son gani. Lokacin yaƙi da shan inna, an zana ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa bin sawun masu rigakafi da wayoyi masu GPS don gano inda aka tsallake, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, wato mai yaɗuwa da kanta. Irin wannan aiki hannu yake nema. Kafin ka biya kowa, buɗe asusu a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani, ka zana unguwarku lungu-lungu, ka duba ko akwai reshen ƙungiyar ɗalibai masu zana taswira ta YouthMappers a jami'arku. Mai son karatu mai zurfi da shaidar da ake girmamawa ya duba cibiyar AFRIGIST a Ile-Ife ko Makarantar Safiyo ta Tarayya a Oyo. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da cibiyar AGRHYMET a Yamai.

Ta ƙarshe daga mai digiri na biyu ce: "Wata mujalla ta turo min saƙo, wai in biya a buga min takarda cikin mako guda."

Malama, kada ki biya. Mujallar kirki tana ba masana su duba aiki, abin kan ɗauki watanni, kuma takardar da ta fita a mujallar bogi ba ta sake buguwa a ta gaskiya. Nemi sunan mujallar a DOAJ ko AJOL, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, ki nuna wa mai duba aikinki kafin ki tura ko sisi. Ki kuma tambayi ɗakin karatun jami'arku ko suna da shiga rumbun Research4Life, domin takardu da yawa da ake sayarwa a intanet ana samunsu ta nan. Jera madogara kuwa manhajar Zotero za ta yi miki kyauta: ki sa ta tun daga takardar farko da kika karanta, ki riƙa gyara sunan marubuci da shekara nan take a duk lokacin da kika adana sabuwa.