Tambayoyinku: Fanel ɗin FPGA zai iya zama mini kwamfuta shi kaɗai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Laftof ɗina ta mutu tun watan azumi, mai gyara ya ce fanel ne ya ƙone, kuɗin sabo kuma ya fi ƙarfina. To akwai wani ɗan fanel da yayana ya dawo da shi daga karatu a Malesiya, an rubuta DE10-Nano a jikin kwalinsa, ya ce mini FPGA ne. Na ga yana da kafar HDMI da ta katin memori da ta wayar intanet. In na haɗa shi da talabijin da kibod, zai yi aiki shi kaɗai kamar kwamfuta, in riƙa rubuta aikin makaranta ina shiga intanet? Ko in sayar in cika kuɗi in sayi laftof ta hannu? Allah shi ƙara basira.
Ɗalibinku, daga Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Zai yi aiki shi kaɗai, amma ba zai maye maka gurbin laftof ba. Duk da haka ina roƙonka kada ka sayar da shi, kuma zan gaya maka dalili.

Mu fara da abin da ke hannunka. Furosesar da ke cikin waya ko laftof tamkar takalmi ce ɗinkakke: yadda kamfani ya yanka ya ɗinka, haka za ka sa ta har ta tsufa. FPGA kuwa jar fata ce a gaban baduku, ba a yanka ba tukuna. Aisi ne, wato ɗan guntun lantarkin da ake manna wa fanel, mai ɗauke da dubban ƙananan ɗakunan lissafi da wayoyin da ba a ƙulla ba, kai ne za ka faɗa masa wane ɗaki zai haɗu da wane. In ka so ka ƙulla shi ya zama na'urar ƙirga, in ka so ya zama mai sarrafa hoto, in kuma ka so ya zama furosesa sukutum. Inda ya fi fata shi ne ana warware ɗinkin a sake wani sau dubu bai lalace ba. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1985, mai ɗakuna 64 kacal. Wanda ke kan fanel ɗinka, Cyclone V na kamfanin Altera da Intel ya saya a 2015, yana da ƙwayoyin lissafi kusan 110,000.

Sa'ar da ka yi ita ce aisin naka tagwaye ne a ciki ɗaya. Gefe guda FPGA ne, ɗaya gefen kuma furosesa ce ta gaske da aka riga aka ƙera, ARM Cortex-A9 mai ƙwaƙwalwa biyu, tana gudu a 800 MHz, ga memori 1 GB a kusa da ita. Wannan gefen shi zai ba ka kwamfutar da kake tambaya. Kamfanin Terasic da ya ƙera fanel ɗin yana ba da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da aka shirya masa musamman, har da mai tagogi da linzami. Ka ari kwamfutar wani na awa ɗaya, ka sauko da shi, ka rubuta a katin memori, ka daidaita 'yan makunnan nan da aka rubuta wa MSEL yadda takardar fanel ɗin ta nuna. Sai ka nemi 'yar wayar OTG, mai mayar da ƙaramar kafar USB babba, da abin raba kafar USB don kibod da linzami, ka ja HDMI zuwa talabijin, ka ba shi wuta. Zai tashi ba tare da wata kwamfuta a gefensa ba.

To me zai iya? Rubuta shiri da C ko Python, koyon umarnin Linux, buga rubutu mara ado, gwada ƙaramar sabar gida, duk zai yi maka su cikin natsuwa. Ga ɗalibin aji uku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda zai gaza shi ne intanet irin ta yau. Ba shi da Wi-Fi sai ka saya masa na USB, ba shi da aisin hoto na musamman, shafukan zamani kuma masu cin memori ne. YouTube ko taron Zoom ko shafi goma a buɗe, ka cire rai. Hatta hoton da kake gani a talabijin ba furosesar ce ke tura shi kai tsaye ba: kafar HDMI a gefen FPGA take, sai an ɗora masa tsarin da zai ɗebo hoton daga memori ya miƙa. Shi ya sa in ka sa Linux ɗin da ba shi da wannan tsari za ka ga talabijin baƙi ƙirin alhali fanel yana aiki lafiya lau. Na ga ɗalibai biyu da suka yanke cewa nasu ya mutu saboda wannan kawai.

Shawarata kan aikin makaranta: wayarka ta ɗauki nauyin bincike da saƙonni, fanel ya ɗauki rubuta shiri, ka ci gaba da tara kuɗin laftof a hankali.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ka sayar. Kwamfutar da na bayyana maka a sama ita ce mafi ƙanƙantar amfanin wannan fanel. Raspberry Pi, wani ɗan fanel ɗin kwamfuta, ma zai yi maka ita, har ya fi. Abin da Raspberry Pi ba zai taɓa ba ka ba shi ne damar ƙera furosesar da hannunka. Shekara da shekaru muna koyar da yara tsarin kwamfuta da alli a kan allo, a zana akwati a rubuta rajista, a zana wani a rubuta sashen lissafi, a ja kibiya tsakaninsu. Su haddace, su ci jarrabawa, su fita ba su taɓa ganin umarni ɗaya ya ratsa waɗannan akwatuna ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da fanel ɗinka za ka rubuta akwatunan nan da harshen Verilog ko VHDL, harsunan da ake bayyana haɗin wayoyin aisi da su, ka ɗora, su zama wayoyi na gaske masu ɗaukar wuta.

Kada ka ce abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Niklaus Wirth, malamin nan na Zurich a Suwizalan da ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya rasu ranar 1 ga Janairu 2024. A 2013, yana dab da shekara tamanin, ya fitar da sabon zubin tsarinsa mai suna Oberon a kan wani fanel mai araha na Spartan-3. Furosesar shi ya tsara ta, tana gudu a 25 MHz, memorin kuma 1 MB ne. A kan wannan ɗan abu aka samu kwamfuta cikakkiya mai kibod da linzami da tagogi, wadda ke iya fassara shirye-shiryenta da kanta. Burinsa shi ne ɗalibi ɗaya ya iya karanta komai, daga waya ta farko har zuwa tagar da ke gabansa, ya fahimta. Memorin fanel ɗinka ya ninka nasa sau dubu.

Ba kuma sai ka fara daga tushe ba. Tsarin umarnin furosesa mai suna RISC-V da aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010 buɗaɗɗe ne, ba a biyan kowa kuɗin izini. Akwai furosesoshinsa da aka rubuta aka sake kyauta, irin su PicoRV32 da VexRiscv, na biyun ma har Linux yake ɗauka. Irin waɗannan ba sa kusantar saurin furosesar da aka riga aka ƙera, wato ba don sauri ake yin su ba. Akwai kuma aikin MiSTer da Alexey Melnikov ya faro a 2017 a kan wannan fanel naka daidai, wanda ke mayar da shi tsofaffin kwamfutoci da na'urorin wasa irin su Amiga ko Commodore 64 ko Sega ko kwamfutar 486 ta zamanin da, sai dai yawancinsu na buƙatar ƙarin ɗan fanel ɗin memori da ake kira SDRAM.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma gara ka ji daga bakina. Manhajar da ke mayar da Verilog ɗinka ya zama tsarin da aisi zai karɓa, wato Quartus, ba ta gudu a kan fanel ɗin. Sai kwamfuta mai Windows ko Linux irin ta tebur ko laftof, kuma saukar da ita na cin data mai yawa ko da zubin kyauta ne. Ke nan amfani da shi ba ya buƙatar kowa, amma sauya masa ciki yana buƙatar wata kwamfutar. Ka nemi abokai biyu ko uku a ajinku, ɗaya ya kawo laftof, kai ka kawo fanel. Aikinku na farko ya zama kunna fitila ɗaya cikin takwas ɗin da ke jikinsa: agogonsa na bugawa sau 50,000,000 a daƙiƙa, ku ƙirga 25,000,000 ku juya ta, in a kunne take ta mutu, in a kashe take ta kunnu. Ranar da ta fara ƙiftawa za ka gane abin da nake nufi.

Sai kiyayewa, don garinmu ba ya wa kayan lantarki sauƙi. Ƙullin da ke cikin FPGA kamar rubutun tawada yake a allon almajiri, da an ɗauke wuta an wanke, sai ya sake kwafowa daga filas, wato memorin da ba ya gogewa in an ɗauke wuta, ko daga kati in ya tashi. Wannan ba matsala ba ce. Matsalar ita ce katin memori, wanda kan lalace in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, don haka ka ajiye kwafinsa, kuma ka fi dogara da batirin sola ko inbata. Wutarsa bolt 5 ce, amfiya 2. Na taɓa rasa fanel guda saboda cajar da na saya a wani shago, jikinta an rubuta 5 amma tana ba da abin da ya haura haka, har yau ina jin zafinsa. Ka auna da mita kafin ka soka. Ƙusoshin gefensa bolt 3.3 suke ɗauka, kada 5 ta taɓa su. A zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, ka manna masa ƙarfen sanyaya da 'yar fanka. Da hunturu kuma, iska ta bushe, jiki na tara lantarki: ka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa shi, ka riƙe shi ta gefe, ka rufe shi daga ƙura.

TAMBAYA: Malam, ni mai gyaran waya ne a Mabera. Ina son koyon wanga abu amma laftof ɗina tsohuwa ce ƙwarai. Da wane fanel zan fara?

AMSA: Abokin sana'a, sannu da aiki. Ka nemi Tang Nano 9K na kamfanin Sipeed na ƙasar Sin. Tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba sosai, yana da ɗakunan lissafi 8,640, da kafar HDMI da ta katin memori, kuma da wayar USB-C irin ta caja ake ba shi wuta. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da na ɗalibin da ke sama. Ba zai zama maka kwamfutar aiki ba, amma PicoRV32 na zama a cikinsa, ya rubuta haruffa a talabijin. Abin da ya sa na zaɓa maka shi: manhajojin kyauta Yosys da nextpnr, masu yin irin aikin Quartus, suna aiki da aisinsa, kuma ba su da nauyi, tsohuwar laftof mai Linux ta ishe su. Hannunka ya riga ya saba da mita da dalma, wanda shi ne abin da ke ba ɗalibai wahala. Abin da ya rage maka shi ne lissafin sifili da ɗaya da ƙofofin AND da OR da NOT, ka ba su mako biyu kafin fanel ɗin ya iso.