Kada ka bari ya yanke wayar nan ta bayan fanka

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ina ganin hoton da ka sa gabana ya faɗi, domin wannan ƴar wayar ce ta jefa ni cikin asarar da har yau ban manta ba. Ka ce motar Peugeot 504 ɗin mahaifinka ce, Allah Ya jiƙansa, ka ga waya ta shiga wani ɗan baƙin abu a jikin famfon ruwa, bayan fanka, ga kuma wani abu mai kai biyu a jikin lagireto, kuma in an kashe mota fankar tana juyawa sakaka da hannu. Bakanikenka ya ce ta lalace, a yanke a huta. Don Allah dakatar da shi.

Lafiyar fankar nan ƙalau, haka Peugeot suka yi ta tun zamanin 403 da 404. A cikin fulin famfon akwai kwayil na maganaɗisu. Ɗan baƙin abin nan gidan burushi ne, irin kabon da ke cikin altaneta, shi ke kai wuta ga kwayil ɗin yana juyawa. Mai kai biyun nan kuwa makunni ne mai jin zafi. In ruwa ya haura digiri 80 sai ya haɗa wuta, maganaɗisu ya cafke fanka ta fara aiki. In ya huce ta saki.

Ni tawa daga wajen kawuna ta zo hannuna. Na kai ta a canja fambel kawai, wallahi fambel kawai. Da na dawo daga masallaci sai na tarar da wayar nan a ƙasa cikin baƙin mai, tamostat kuma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, a kan benci. Ya ce mini, "Alhaji, duk kayan ƙasar sanyi ne, a nan ba su da amfani." Har da dariya, yaransa na taya shi. Na yarda, na ma ƙara masa na goro.

Kwana biyu ina zirga-zirga da sassafe ban ga komai ba, saboda in mota na gudu iska na sanyaya lagireto da kanta. Rana ta uku, cikin azumi, zafin watan Afrilu, na ɗauko Hajiya za mu Zariya gaisuwar rasuwa. Cunkoso ya tsayar da mu a Kawo, nan Kaduna. Ina kallon allurar geji tana hawa, ba gaba ba baya, sai tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, warin ƙonannen roba ya cika motar. Hajiya da ciwon ƙafa ta fito ta zauna a bakin kwalbati, ta rufe kai da mayafi, ba ta ce mini ko uffan ba. Shirun nan ya fi mini ciwo. Na ruɗe, na sayi fiya wata leda biyu na dinga ɗura wa injin da ke tafasa. Wannan ne ya ƙarasa shi. Kan injin 504 na alminiyam ne a kan gangar ƙarfe, ba ya jure haka. Gasket ya ƙone, kan ya karkace, mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Da na koma wurin mutumin ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi motar ce ta tsufa. Har ya nemi in bar masa aikin sauke injin! Na bar shi da Allah, amma ban sake bin layinsu ba.

Wani dattijo ne a Kakuri ya fahimtar da ni, ya ce ya yi aiki a kamfanin haɗa Peugeot na nan, wanda aka buɗe a 1975, inda aka ci gaba da haɗa 504 har 2006. Gwajin da ya nuna mini shi zan ba ka. Murɗa makulli fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar. Zare wayoyi biyun da ke kan makunnin lagireto ka haɗa su da juna. In ka ji ƙas, fanka ta ƙi juyawa da hannu, kwayil lafiya, makunnin ne abin zargi. In shiru, duba fiyus, sannan ka ciro burushin. Sau da yawa ya cinye ne ko sifirin ɗinsa ya mutu. Nawa na samo shi a Panteka, kasuwar tsofaffin kaya ta Kaduna, a jikin wani tsohon famfo. Ka tafi da naka a aljihu, kwatance da baki ba ya yi a can.

Ya kuma nuna mini sukurori uku a gaban fankar na daidaita tazara. In ta ƙi kamawa kana kan hanya, ɗaure su, za ta dinga juyawa kullum har ka isa gida. Amma kada ka yarda a yi mata walda, na ga waɗanda aka lalata haka.

Sai maganar tamostat, a mayar da shi in an cire. Kuma ka daina zuba ruwan rijiya, shi ke toshe lagireto da tsatsa. Ka duba robar marfin lagireton ma, da tiyon ƙasa, in ya yi laushi kamar burodi canja shi. Duk abin da aka kwance a motar nan, ɗauki hotonsa tukuna, ka sa a leda ka tafi da shi gida, ko da an ce maka shara ne.

Ka sake turo hoto daga gefen famfon, fitila a kai, in ga ko burushin yana nan. Allah Ya sa bai riga ya taɓa ta ba.